Ɗan Jari Bola Mai Bindiga: Lacca Kan Wasannin Kufai

Wani malamin kwamfuta ne ya gabatar da wannan lacca ranar wata Asabar a wani ɗakin taro da ke Samaru, Zariya, gaban ɗalibai masu sha'awar tsara wasannin bidiyo. Daga abin da aka naɗa a waya aka kwafo ta. An rage gaishe-gaishe, an kuma tsallake inda ƙarar janareta ta danne murya.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe. Malamai 'yan'uwana, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka.

Da aka kawo mini takardar gayyata sai na ga an rubuta wai zan yi magana kan "wasannin bayan tashin kiyama". Na ce wa yaron da ya kawo, kai ɗan samari, bayan tashin kiyama ai hisabi ne, babu mai yawo da bindiga yana neman gwangwanin wake. (Dariya.) Abin da masu waɗannan wasanni ke nufi shi ne duniya ta rushe amma ba ta tashi ba. Yaƙi ko annoba ya share yawancin mutane, gwamnati ta ɓace, kasuwa ta mutu, saura tsiraru suna fafutuka. Mu kuwa muna da kalmarmu tun kaka da kakanni. Gida ɗaya in ya mutu, kango ne. Gari guda in ya tashi, kufai ne. Saboda haka yau wasannin kufai zan riƙa ce musu.

Duk wanda ke riƙe da waya a ɗakin nan ya ga tallarsu. Kana cikin kallon wani abu sai ga mutum cikin tsumma, gawawwaki masu tafiya suna binsa, ana ce maka ka gina masa katanga. Ka rufe wannan, wani ya fito, kamarsu ɗaya sak, sunan kawai aka sauya. To daga ina wannan ya samo asali?

Tsoro ne ya haife shi, kuma tsoro na gaskiya. A watan Agusta na 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. A 1962 saura ƙiris ita da Tarayyar Sobiyet su gwabza kan makamai masu linzami da aka girke a Kyuba. Yaran da suka tashi a lokacin an koya musu shiga ƙarƙashin tebur a makaranta in an ji jiniya. Su ne suka girma suka yi wasan Wasteland a 1988, a kamfanin Interplay, sannan kamfanin ya fitar da Fallout a 1997. A labarin Fallout, Amurka da Sin sun yi musayar bama-bamai ranar 23 ga Oktoba 2077, cikin awa biyu komai ya ƙare. Waɗanda suka tsira suna ɓoye a manyan ramuka da aka gina a ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin da ake kashewa a waje marfin kwalbar lemo ne, irin wanda muka buga ƙwallo da shi a ƙasa muna yara.

Kun san aikin farko da aka ɗora wa jarumin? Na'urar tace ruwan raminsu ce ta lalace, aka ba shi kwana 150 ya nemo wata. Ranar da na fara buga shi na ce, yanzu rashin ruwan famfo na wata biyar ne ƙarshen duniya? A kawo shi Tudun Wada a haɗa shi da 'yan ga-ruwa mana! (Dariya da tafi.)

Na Gabashin Turai kuma nasu ya fi ɗaci, don su sun ga abin da idonsu. Ranar 26 ga Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil da ke Yukren ta fashe, aka kwashe mutanen garin Firifiyat, kusan dubu 50, aka ce musu na 'yan kwanaki ne. Har yau ba su koma ba. Wani kamfani a Kiyef, GSC Game World, ya gina wasan S.T.A.L.K.E.R. na 2007 a kan wannan kufai. Wasu da suka fita daga kamfanin suka yi Metro 2033 a 2010, inda mutanen Mosko ke zaune a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, harsashi ne kuɗinsu. In ka harba, ka harba kuɗin cefane. Kashi na biyu na S.T.A.L.K.E.R. bai fito ba sai Nuwamba 2024, don suna cikin aikinsa Rasha ta afka wa Yukren a 2022, wani sashe na ma'aikatan ya koma birnin Firag na ƙasar Cek. Waɗannan ba ni da ta cewa a kansu. Wanda ya sha wuya shi ya san ta.

Rigimata da abin da ya biyo baya ne. Daga wajen 2008, shekarar Fallout 3 da Left 4 Dead, ƙofa ta ɓalle. DayZ a 2012, The Last of Us a 2013, Fallout 4 da Dying Light a 2015, The Division a 2016, Horizon Zero Dawn a 2017, Days Gone a 2019, in na ce zan ƙirga sai la'asar ta same mu. Hatta PUBG da kuke ƙona data a kansa, wanda ya ƙirƙiro shi, Brendan Greene, ya fara ne da yi wa DayZ kwaskwarima. Shi ya sa ake jefa ka tsibirin da gidaje ke tsaye ba kowa ciki, ka shiga ka kwashe. Fortnite ma da farko wasan kare kai ne daga dodanni bayan wata guguwa ta ɗauke kusan dukkan mutanen duniya. Yanzu har talabijin abin ya kai: The Last of Us a 2023, Fallout a 2024.

Ku da kuke koyon rubuta manhaja, ku saurari wannan da kyau, don nan ne sirrin yake. Mutane tsada gare su. A ce an ba ka aikin gina kasuwar Sabon Gari a cikin wasa, ranar da take cike. Mai tura baro sai ya san yadda zai kauce wa mai Keke Napep. Mai tumatir sai ta yi tayi, a taya, ta ce albarka. Kowa da fuskarsa, da muryarsa, da inda za shi. In ka bangaje wani sai ya juyo ya ce, malam lafiya? Kowane ɗaya daga cikinsu zane ne, motsi ne, murya ce da aka ɗauka, lissafi ne da na'ura za ta yi sau 30 ko 60 a cikin daƙiƙa ɗaya. Sama da mutum dubu suka yi aikin GTA V, wasan da ke da birni cike da mutane. Cyberpunk 2077, da ya yi alkawarin birni mai cike da jama'a, ya fito a Disamba 2020 da kurakurai har Sony ta cire shi daga kantinta na wani lokaci.

Yanzu a ce maka gina kasuwar nan bayan kowa ya mutu. Rumfuna, tsatsa, ciyawa, iska na kaɗa leda. Ka zana kango ɗaya ka maimaita shi sau ɗari. Labarin ma ba sai an yi ɗan wasa ya faɗa ba, ka ajiye wasiƙa kusa da ƙwarangwal, mai wasa ya karanta da kansa. Abokin gaba kuwa, gawa mai tafiya ba ta buƙatar wayo. Umarni ɗaya ne: ga mutum can, bi shi. Ɗan aji biyu a cikinku zai rubuta wannan kafin a kira sallah. In kuwa ta yi karo da bango ta tsaya tana dungure, ba mai cewa kuskure ne, ai gawa ce. (Dariya.)

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi, shi ne lamiri. Wasa yana so ka shiga gidan mutane ka buɗe akwati ka kwashe, yana so ka yi harbi. In mai gidan na nan, kai ɓarawo ne. In ya mutu shekara 200 da suka wuce, kai mai neman tsira ne. In wanda ka harba mutum ne, akwai tambaya. In an ce naman gwari ya cinye masa ƙwaƙwalwa, kamar a The Last of Us, shi ke nan an wanke ka. A bayan fage, wannan naman gwari akwai shi, tururuwa yake kamawa ya juya ta yadda yake so, amma ba ya yi wa ɗan Adam haka. Kufai dai ya zama lasisi. Babu ɗan sanda, babu alƙali, babu mai unguwa, babu surukai. Kuma in ka duba abin da kake yi awa 60 a ciki, tsince-tsince ne: ƙarfe, waya, batir, tsohon gwangwani, ka kai ka sayar ko ka narka. Wannan ai ɗan jari bola ne aka ba shi bindiga. Yaron da ke wulaƙanta mai jari bola a ƙofar gidansu shi ne zai biya kuɗin awa a gidan gem ya yi sana'ar. (Dariya.)

Ba na musun daɗinsa. Ni ma na kwana a kai. Wanda rayuwa ta ɗaure da layin banki da jiran sakamakon jarrabawa, in aka ba shi duniyar da ƙarfinsa da dabararsa kaɗai ke aiki, dole ya ji sanyi. Kuma tsayawa a kufai yana da nasa tasiri a zuciya. Alƙur'ani ma ya ce mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Wanda ya je Turunku, inda tarihi ya ce nan sarautar Zazzau ta zauna kafin ta dawo nan, ko Surame ta Kanta, ko Alkalawa da Ngazargamu da suka faɗi a 1808, ya san jikin mutum yana yin sanyi. Ko ganuwarmu ta nan, ku bi ta wajen Ƙofar Gayan ku ga abin da ya rage.

Amma ga inda nake cewa sun yi ƙarya. Kusan dukkansu darasi ɗaya suke maimaitawa: ranar da hukuma ta faɗi, maƙwabcinka zai zama kura. Mu nan ba a littafi muka karanta rushewa ba. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a 1914. Iyayenmu sun ga farin 1973. A ɗakin nan na tabbata akwai wanda ƙauyensu ya tashi saboda 'yan bindiga, ko ya baro Borno yana yaro. Ku tambaye shi wa ya karɓe su. Kafin wata mota mai tambari ta iso, wani ne ya buɗe zaurensa, wata ta ƙara ruwa a miya. Ban ce ba a yi mugunta ba. An ɓoye hatsi, an ci amana, an yi tsada da gangan. A farkon 2023 da takardar Naira ta ɓace, mun ga wanda ya sayar mana da kuɗinmu da kuɗinmu. Amma a watannin nan ne kuma mai shago ya buɗe littafin bashi ga unguwa guda, mai shayi ya ce sha ka kawo in ta samu. Kufai na gaskiya cike yake da mutane, da bashi, da kunya, da gulma, da rabon gado, da wanda za a aurar ko ana gudun hijira. Wannan duka shi ne wasannin suka share, don shi ne mai wuyar ginawa.

In kuma suka waiwayo nahiyarmu, abin ya fi muni. Resident Evil 5 na 2009 a wani ƙirƙirarren gari na Afirka aka kafa shi, Bature na harbin tarin baƙaƙen fata da cuta ta haukata. An yi ta ce-ce-ku-ce a kai tun daga tallarsa. Su a wurinsu ba sai an jefa mana bam ba, yadda muke ɗin nan ma mun isa fagen wasa.

Akwai waɗanda suka kauce wa turbar, kuma su nake so ku nema. This War of Mine, na wani kamfanin Folan a 2014, ya ɗauko daga ƙawanyar da aka yi wa birnin Sarayebo a yaƙin Bosniya. Farar hula kake riƙe da su. Akwai gidan wasu tsofaffi biyu, kana iya shiga ka kwashe maganinsu da abincinsu, ba za su iya hana ka ba. Amma in ka dawo gida mutanenka sai baƙin ciki ya kama su, wani ya kasa tashi aiki. Death Stranding na Hideo Kojima ya mai da kai ɗan dako, kana kai kaya tsakanin mutanen da suka kulle kansu, tsanin da ka kafa wani ɗan wasa a wata ƙasa zai taka. Ya fito a Nuwamba 2019, bayan wata huɗu aka kulle mu a gida a jihar Kaduna. Sai Terra Nil na 2023, 'yan Afirka ta Kudu ne suka yi shi a Kef Tawun. Ana ba ka mataccen fili ka farfaɗo da ruwa da itatuwa da dabbobi, in ka gama ka tattara injinanka ka tafi ba ka bar ko ƙusa ba. Da na buga shi hadisin nan ya faɗo mini, cewa in kiyama za ta tsaya alhali ɗayanku na riƙe da dashen dabino, in zai iya dasawa ya dasa.

Shugaba na nuna mini agogo. A ba ni tambaya ɗaya.

Wata ɗaliba ta ce: Malam, mu da ba mu da kuɗin gina kasuwa mai cike da mutane, ba kufan ne ya fi mana sauƙi ba?

Malam ya ce: Ƙanwata, kin kama ni da bakina. Gaskiya ne, shi ya fi araha. To yi kufan, amma ki bar mutum biyar a ciki. Rijiya ɗaya ta rage a unguwa, guga ɗaya, gida biyar. Ɗaya mai jego ce, ɗaya ya taɓa cin bashinki bai biya ba, ɗaya baƙo ne da ya iso jiya ba wanda ya san asalinsa. Ruwan ba zai kai kowa ba yau. Wa za ki fara ba? Gobe kuma kowa na tune da abin da kika yi. Wannan ba ya son zane mai tsada, a ƙaramar waya ma zai tashi, da Godot, manhajar gina wasanni, za ki iya haɗa shi kyauta. Aikin duk a rubutun maganganunsu yake, kuma in kina son ki ji yadda ake faɗa a bakin rijiya, ki fito layinmu gobe da asuba da jarka biyu, ɗaya tawa ce. (Dariya.)

Daga nan aka kira sallar azahar, naɗin ya tsaya.