Jawabin Maraba Daga Kwamitin Masu Sana'ar Hannu

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya. Girmanka ba sai mun tsaya faɗa ba, kowa a nan ya san aikinka, Allah ya ƙara ɗaukaka. Mu dai tun kafin a sha ruwa za mu faɗi abin da ke cinmu: zauren baje koli muke roƙo, yallaɓai.

Wannan hoton da muka sa wa firam za mu miƙa maka, na baje kolin Daular Birtaniya ne da aka yi a Wembley ta birnin Landan, wanda Sarki George na Biyar ya buɗe ran 23 ga Afrilu 1924. Shi kansa tsohon filin ƙwallon Wembley saboda taron nan aka gina shi. To duba da kyau ranka ya daɗe, wannan katangar ai ganuwa ce irin ta biranenmu na Arewa Turawa suka kwaikwaya, a cikinta aka sa kayan Najeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo, aka kwashi masu sana'a daga nan suka haye teku suna aikinsu a gaban 'yan kallo, mutane miliyoyi suka shiga taron. Da suka tashi nuna wa duniya Afirka ta Yamma, ginin kakanninmu suka ara!

Kuma ba su yi kuskure ba. Kano ce fa, garin da Sarki Gijimasu ya fara wa ganuwa, garin da Muhammadu Rumfa ya kafa wa kasuwar Kurmi, rinin Ƙofar Mata da jan fatarmu da ta ratsa Sahara har Turai suna ce mata fatar Maroko, sunan ma an ƙwace mana.

Amma yau baƙo in ya zo neman aikin dukawa da masaƙa da marina, wata rumfar kwano muke kai shi, tana yoyo, bara ruwa ya jiƙa mana turame da fatu wallahi sai da dattawa suka yi hawaye. An sha zuwa da tef ana awo ana ɗaukar hoto, shiru kake ji. Yaranmu kuwa duk sun koma tuƙin adaidaita.

Akwai maganar rance da ta wuta, amma waɗannan sa jira. Zauren nan dai, ranka ya daɗe, ko ɗaki biyu ne da rufi mai kyau, kafin damina ta sauka. Fili muna da shi, leburanci mu za mu yi. Dan Allah a rataya hoton a ofis inda ido zai riƙa kai wa.

Allah ya maida kai gida lafiya.