Yadda Ake Raya Titin Tasha a Kan Teburin Jirgin Ƙasa na Kwaikwayo: Shaguna da Sautin Gari

Assalamu alaikum masu kallo. Teburin da kuke gani a gabanku ɗauke yake da layin dogo na kwaikwayo wanda an riga an shimfiɗa shi, an haɗa masa wuta, jirgi kuma yana kewaya shi ba tare da tangarɗa ba. Abin da ya rage shi ne wannan fili da ke gaban tasha, inda ya kamata a ce akwai titi da shaguna da hayaniyar mutane. A wannan shiri za mu gina layin shaguna a wurin, sannan mu saka masa sauti. Garin da muka ɗauka ƙaramin gari ne na Jamus ta Yamma a farkon shekarun 1970, a ma'aunin da ake kira HO.

Kafin a taɓa gam ko reza, akwai lissafi guda ɗaya da dukkan aikin ya rataya a kansa. A ma'aunin HO, kowane abu an ƙanƙanta shi sau 87, tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo kuma milimita 16.5 ce. Mutum mai tsayin mita 1.75 yakan dawo milimita 20, ƙofar shago mai tsayin mita 2.1 ta dawo milimita 24, hawa ɗaya na bene mai mita 3 ya dawo kusan milimita 34. Yawancin masu wannan sha'awa sun haddace waɗannan alƙaluma, amma kaɗan ne suke juya lissafin ta ɗaya ɓangaren. Idan mai kallo ya tsaya tazarar mita ɗaya daga teburin, to a duniyar waɗannan ƙananan mutane yana nesa da su da mita 87, wato ya kusa tsawon filin ƙwallo. Duk abin da za mu gina, da duk abin da za mu sa a ji, sai ya dace da ido da kunnen mutumin da ke tsaye a wannan nisa.

Mu fara da gine-ginen. Akwai kamfanoni da dama da ke sayar da shaguna a wargaje cikin kwali domin mutum ya harhaɗa da kansa. A Jamus akwai Faller da Kibri da Vollmer, waɗanda aka fi sani da na roba. A Ingila akwai Metcalfe da Superquick masu yin na kwali mai kauri a ma'aunin OO, wanda ya ɗan fi HO girma domin shi sau 76 ake ƙanƙantawa. A Amurka kuma akwai Walthers. Na roba sun fi fito da zanen bulo da kwanon rufi, amma suna zuwa da wani sheƙi wanda ke tona asirinsu tun daga nesa, saboda haka dole a bi su da fenti marar ƙyalli kafin a harhaɗa. Na kwali sun fi araha, launinsu kuma ya fi kwanciya, sai dai bakin kwalin yakan fito fari a kowace kusurwa, kuma sai an bi shi da alƙalamin launi mai ruwan toka an rufe.

Teburinmu bai da faɗi sosai, don haka shagunan da ke can baya ba cikakkun gine-gine ba ne. Kamar yadda kyamara ke nunawa daga gefe, fuskar ginin ce kawai da ɗan rufi, kaurinsu bai wuce santimita 3 ba, an jingina su da allon baya wanda aka zana wa sararin sama. Daga gaba ido ba ya gane cewa babu komai a bayansu. Wata dabarar kuma ita ce a ajiye gine-ginen ma'aunin N, wanda ake ƙanƙantawa sau 160, a can ƙurya bayan na HO. Da yake girmansu ya ɗan haura rabin na gaba kaɗan, sai ido ya ɗauka nisa ne ya ƙanƙanta su. Wannan dabara tana aiki ne idan mai kallo yana duban teburin daga daidai tsayin rufin gidajen. Idan daga sama yake leƙowa, nan take yaudarar take bayyana.

Yanzu ga kuskuren da ya fi yawa a teburan masu farawa. Dubi ƙasan wannan shago da aka ɗora kawai a kan katako. Akwai wani siririn baƙin layi tsakanin bango da ƙasa, wanda bai kai milimita ɗaya ba, amma idan aka ninka shi sau 87 ya zama gibin da hannu zai shige. Ginin gaskiya daga cikin ƙasa yake fitowa. Maganinsa shi ne a yanka wa ginin gurbi a cikin kwalin da aka yi gefen titi da shi, a zura shi ciki ya nutse milimita 1 ko 2, sannan a cike bakin da garin ƙasa da gam da aka tsarma da ruwa. Wannan ɗan aiki, a ganina, ya fi duk wani ado da za a ƙara daga baya tasiri.

Bayan haka sai tsufa. Titin da dukkan gine-ginensa suka yi fes kamar jiya aka gama su ba ya kama da gari. Ana goga allin zane mai launin toka da ruwan ƙasa a kan takardar yashi, a ɗebi garin da busasshen burushi, a ja shi daga sama zuwa ƙasa a wuraren da ruwan sama ke bi: ƙarƙashin tagogi, gefen indararo, da kewayen bututun hayaƙi. Garinmu na zamanin jiragen gawayi ne, domin Jamus ta Yamma ba ta daina amfani da su ba sai a 1977, saboda haka gine-ginen da ke dab da dogo za su fi sauran baƙin hayaƙi.

Abin da ke mayar da gini shago shi ne allon suna da tagar baje kaya. Harafin da tsayinsa ya kai santimita 30 a titi, a nan milimita 3.4 ne kacal, don haka a buga allunan a kwamfuta da haruffa masu kauri, a kan takarda marar sheƙi. A nan ne zamani yake da muhimmanci. Farashin da ke jikin tagar gidan burodi zai kasance da kuɗin mak, tun da takardun yuro ba su shiga hannun jama'a ba sai ranar 1 ga Janairun 2002. Kantin magani zai ɗauki jan harafin A wanda aka san kantunan magani da shi a Jamus. A cikin taga kuwa ba a buƙatar sassaƙa kaya ɗaya bayan ɗaya. Hoton kanta cike da kaya, wanda aka manna santimita 2 a bayan gilashin, tare da ɗan mutum-mutumi ɗaya na kamfanin Preiser tsaye a gabansa, ya wadatar da mai kallo daga mita 87.

Fitilu kuma ƙananan LED ne masu haske ruwan ɗorawa, domin fari tas yakan mayar da gidan burodi kamar ɗakin tiyata. Idan wutar teburin bolt 12 ce, a haɗa wa kowace fitila rizista, wato ɗan abin da ke rage wutar da ke wucewa, mai om 1000, wanda zai bar kusan miliamfiya 9 su wuce. Idan hasken ya yi yawa, a ƙara ƙarfin rizistar. Lallai ne a shafe cikin bangon da baƙin fenti, in ba haka ba hasken zai ratso robar, ginin gaba ɗaya ya riƙa ƙyalli. Kada kuma a kunna kowace taga. Dokar rufe shaguna ta 1956 ta sa kantunan Jamus ta Yamma suna rufewa da ƙarfe 6:30 na yamma a ranakun aiki, saboda haka da dare tagar baje kaya ce kawai za ta kasance a kunne, sai ɗaki ɗaya ko biyu a saman bene inda mutane ke kwana. A Miniatur Wunderland, gidan baje kolin jiragen ƙasa na kwaikwayo da ke Hambug, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001, rana tana faɗuwa ta sake fitowa duk bayan minti 15, kuma wani ɓangare na abin da ke ɗaukar hankalin baƙi shi ne yadda fitilun ke kamawa a hankali, ba a lokaci guda ba.

To, mu koma kan sauti, inda lissafinmu na farko zai fi yin aiki. A buɗaɗɗen wuri, duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin sauti yakan ragu da kusan desibel 6. Daga mita 1 zuwa mita 87 raguwar ta kai desibel 39. Hirar mutum biyu tana kusan desibel 60 ga wanda ke kusa da su, wato ga mai kallonmu za ta dawo kusan 21, ƙasa da raɗa. Ma'anar wannan ita ce, idan kuna iya jin kalmomin da mai sayar da jarida ke faɗa, to sautin ya yi ƙarfi fiye da ƙima. Abin da ke isa kunne daga nesa shi ne gunjin motoci da ya cakuɗe ya zama abu guda, sai kuma 'yan sautuka masu kaifi da ke ɓullowa jefi-jefi, kamar ƙararrawar coci, ko hon ɗin mota, ko haushin kare. Iska kuma tana cinye siraran sautuka fiye da masu kauri, shi ya sa muke amfani da manhajar Audacity, wadda kyauta ce, mu dusashe saman sautin har ya ji kamar daga nesa yake tahowa.

Za mu raba sautin hawa uku. Na farko shi ne shimfiɗa, wato gunjin gari da ba ya yankewa. Na biyu shi ne na wuri, wanda ke fitowa daga takamaiman gini, kamar ƙaramar ƙararrawar ƙofar shago ko bugun guduma a shagon gyaran keke. Na uku shi ne wanda motsin jirgi ke tayarwa, kamar sanarwar tasha da ƙararrawar mashigar dogo. Ana samun irin waɗannan sautuka a dandalin Freesound da kuma taskar sautuka ta BBC, amma a karanta sharuɗɗan kowanne, musamman idan za a ɗauki bidiyon teburin a ɗora a intanet. A saurari kowane sauti da kyau kafin a ɗauka: ƙarar wayar salula guda ɗaya a cikin hayaniyar ta isa ta rushe yanayin shekarun 1970, haka ma muryar mai magana da Turanci a titin Jamus.

Kunnen ɗan Adam yana saurin gano maimaici. Idan shimfiɗar ta daƙiƙa 30 ce kuma akwai tari a cikinta, kafin a yi nisa mai kallo zai fara jiran tarin. A yi ta da tsawo, a narkar da ƙarshenta cikin farkonta domin kada a ji wurin haɗin. Dabara mafi sauƙi ita ce a kunna shimfiɗa biyu a na'urori daban, ɗaya mai minti 7, ɗaya mai minti 11; ba za su sake haɗuwa a daidai inda suka fara ba sai bayan minti 77.

Na'urar da muke amfani da ita wajen kunna sautin ita ce DFPlayer Mini, wadda ba ta fi kan babban yatsa girma ba. Tana karanta katin memori, tana aiki da bolt 5, kuma tana iya tuƙa ƙaramar lasifika kai tsaye. Ƙarfin muryarta yana da mataki daga 0 zuwa 30, kuma a irin wannan aiki da wuya a bukaci wuce rabi. Domin sanarwar tasha, mun binne wani ɗan makunni na gilashi a tsakanin katakan dogo, mun manna ɗan maganaɗisu a ƙarƙashin kan jirgin. Idan jirgin ya bi ta kai, makunnin zai rufe, allon Arduino, wato ƙaramar kwamfutar da ke ba na'urar umarni, ya ɗan jira jirgin ya tsaya, sannan ya saki sanarwar. Kan jirgin kansa yana da nasa sautin ta tsarin DCC na sarrafa jiragen kwaikwayo, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro kafin ƙungiyar NMRA ta masu jiragen kwaikwayo a Amurka ta mayar da shi ƙa'ida a shekarun 1990, kuma shi ma sai an rage masa murya domin kada ya danne garin.

Lasifikar da aka bari tsirara ba ta da daɗin ji, domin iskar da bayanta ke turawa tana zagayowa ta soke wadda gabanta ke turawa, sai sautin ya fito siriri. A rufe bayanta da ɗan akwatin da iska ba ta fita, a ɓoye ta cikin shagon da sautin ya shafa, a bar wata taga ta baya babu gilashi. Gunji mai kauri kuwa kunne ba ya iya tantance daga ina yake fitowa, saboda haka lasifikarsa mai ɗan girma za ta iya zama a ƙarƙashin tebur.

Ga mai son ya kwaikwayi tashar gida, misali Kano wadda dogo ya isa a 1911, ƙa'idojin nan duk suna nan, sai dai zai yanka shagunansa da rumfunansa da hannu daga kwali, ya kuma ɗauki hayaniyar kasuwa da wayarsa daga ɗan nesa. Tsohon dogon Nijeriya faɗinsa milimita 1067 ne, wanda a HO ya zo daidai da kusan milimita 12. Idan kuma shekarun 1960 ya zaɓa, to motoci su bi hannun hagu, domin sai a 1972 aka koma dama, farashi kuma ya kasance da fam da sule, tun da naira ba ta zo ba sai 1973.

Gwajin ƙarshe shi ne na daidaita murya. A kunna komai, a tsaya inda baƙo zai tsaya, a rage shimfiɗar har ta kusa ɓacewa, sannan a ɗaga ta mataki ɗaya. Daga nan a kira wani a yi hira da shi da murya ta yau da kullum a gaban teburin; idan ɗayanku ya ɗaga murya domin a ji shi, a sake ragewa. A haɗa kuma babban makunni guda ɗaya a gefen tebur wanda zai kashe dukkan sautin gari ba tare da ya tsayar da jirgi ba, domin ranar gyaran dogo za a bukaci jin ƙarar ƙafafun taragu su kaɗai kafin a gano inda haɗin ƙarfe ya goce.