MDF ko fulawud: katakon da ya dace da akwatin gem na tsaye

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Manchester. Yau ina gareji, ga katako iri uku na jingine, kuma a kansu za mu tsaya kafin a ɗauki zarto, don mu ga wanda ya dace da haɗa akwatin gem na tsaye, wato akwatin wasan bidiyo mai maɓallai da ake bugawa a tsaye.

Wannan mai santsin shi ne MDF, garin katako ne da aka matse da gam. Falle ɗaya tsawonsa milimita 2440, faɗinsa 1220, kaurin da muke so kuwa 18. Akwati cikakke na tsaye yakan ci falle biyu zuwa uku. MDF ba shi da jijiya, don haka lanƙwasar gefen akwatin tana fita tsaf, fenti ma yana kwanciya a fuskarsa lafiya lau. Amma ku ji nauyinsa: falle guda ya kai kilo 40. Idan a bene kuke, ku yi lissafin hawa da shi tun yanzu.

Babban abokin gabar MDF shi ne laima, kuma Ingila ba ta rasa ta. Gindin akwati ya taɓa damshin siminti, sai ya kumbura, ba ya komawa yadda yake. Ku sa masa ƙafafu ko tayoyi, ko ku sayi koren MDF mai jure laima. Sannan kada ku ɗaura sukuru kai tsaye a bakin MDF, tsagewa yake yi. Ku manna sandar katako mai milimita 25 a kusurwoyin ciki da gam, sukurun ya kama ita. Bakin yana shan fenti kamar soso, sai an shafa masa gam da aka sirka da ruwa, ya bushe, a bi shi da samfefa. Ƙurarsa kuma lafiyar huhu take taɓawa. Takunkumin fuska mai tace ƙura na FFP3 dole ne.

Na biyu fulawud ne. Yana riƙe sukuru sosai, ya fi jure laima. Na itacen birch ya fi kyau, sai dai ya yi tsada tun 2022 da aka sa wa kayan Rasha, inda ake yawan samo shi, takunkumi. Mai arha kuwa yakan zo da ramuka a tsakiya, kuma yana karkacewa. Ku hango bakinsa da ido ɗaya kafin ku biya.

Na ukun, mai ɓarɓashi irin na durowar arha, ku bar shi inda yake.

A ganina, bangon gefe da gaba su zama MDF, gindi da allon maɓallai su zama fulawud, don can ne ake dukansa. Ku sayi maɓallan kafin ku huda: masu noti irin na kamfanin Happ suna son rami mai milimita 28, na kamfanin Sanwa masu maƙalewa kuwa 30, kuma su na Sanwan ba sa kama katako mai kauri sai an rage shi ta ƙasa.

Robar da ake bi bakin akwatin da ita tana shiga tsaga mai kusan milimita 1.6. Ku gwada a guntun katako tukuna, tsagar ta zauna daidai tsakiya. Bari in kawo tef mu fara auna bangon gefe.