Satin Farko a SS1: Ajin da Ka Zauna Shi Zai Bi Ka Har JAMB

Assalamu alaikum ƙannena, to hutu dai ya ƙare, Satumba ta shigo an koma makaranta. 'Yan bodin kun san yadda abin yake, akwatin ƙarfe cike da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da suga, bokiti a hannu, ga fartanya da tsintsiya da aka ce kowa ya taho da su don damina ta bar ciyawa har gwiwa a filin asambuli. Satin farko kusan a noma da shara yake ƙarewa, shi ya sa wasu ke cewa ai ba a fara karatu ba bari in ƙara sati ɗaya a gida. To ku tsaya ku ji.

Yau da 'yan SS1 nake, ku da kuka zana BECE kuka bar JSS3. A 'yan kwanakin nan ne ake raba aji, sayans ko ats ko kwamashiyal, kuma wanda ya makara sau da yawa inda aka samu benci nan ake cusa shi. Wallahi na ga yaro da ya iya Turanci da muhawara kamar me, amma da ya ga abokinsa ya ɗauki jaka ya nufi ajin sayans shi ma sai ya bi shi, shekara uku yana kokawa da Fiziks alhali lauya yake son zama.

Ga lissafin. A JAMB, jarrabawar shiga jami'a, darasi huɗu ake zanawa, Turanci dole ne ga kowa, sauran ukun kuma kwas ɗin da kake nema ne ke zaɓa maka. Likita, Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Injiniya, Lissafi da Fiziks da Kemistiri. Lauya kuwa sai da Litireca, wanda 'yan sayans galibi ko leƙa ajinsa ba sa yi. Sannan jami'a na son kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci, kuma Lissafi dole ne kowa ya zana shi a waɗannan jarrabawar, don haka 'yan ats masu murnar wai sun tsere wa Lissafi, yi haƙuri, yana nan yana jiranku.

Wani abu da ba a cika gaya wa yara ba, tes ɗin nan da malam zai yi muku nan da 'yan makonni ba a banza yake tafiya ba, makaranta na tara makin tun daga SS1 har SS3 ta tura wa WAEC.

In kin zauna sati biyu uku kin ga ajin bai karɓe ki ba, ko kai ka ga malamin Kemistiri na rubutu a allo kamar da wani yare yake yi, kada a yi shiru don kunya. A fara gaya wa Baba ko Umma, sannan a samu fom masta a nemi canjin aji tun zangon farko kafin hutun Disamba, lokacin littafin rubutun bai wuce 'yan shafuka ba, ka ari na wani ka kwafe a kwana biyu. In aka bari sai SS2, karatun shekara guda cur za ka biyo a guje, kuma ba kowane firinsifal ne zai sa maka hannu ba.