Hancin F-18 ɗin NASA da Tangaɗin Fiffike

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau muna Hampton, jihar Bajiniya a Amurka, cikin gidan tarihin jiragen sama. Kun ga wannan jirgin? F-18 ne, jirgin yaƙi da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta yi gwaji da shi, ana ce masa HARV. Daga 1987 zuwa 1996 ya tashi sau 385 a sansanin jiragen sama na Edwards, cikin hamadar Kalifoniya, duk don a gane halin jirgi idan ya ɗaga hanci sosai har iska na dukan cikinsa.

Bari in matso da kyamara wajen hancin, don nan rigimar take. A irin wannan tsayuwa iska ba ta bin jikin hanci lami lafiya. Ɓallewa take yi, ta murɗe ta zama guguwa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. To, ba sa zama daidai. Wannan ta manne, waccan ta ɗaga, sai jirgi ya karkata. Karkatar nan kuma ta sauya musu mazauni, ya koma ɗaya gefen. Haka zai yi ta tangaɗi kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa, alhali matuƙi bai taɓa komai ba. Jelar da za ta cece shi kuwa ta ɓuya bayan fikafikai, iskar kirki ba ta isa gare ta.

Maganin ne ya fi burge ni, wallahi. Siririn allo mai kaifin baki a kowane gefen hanci, shi ke nan. Kaifin ya tilasta wa iska ta ɓalle a layi guda a ɓangarorin biyu, guguwoyin su natsu. A 1995 NASA ta sa wa jirgin nan irin waɗannan alluna amma masu motsi, tsawon ƙafa 4, faɗin inci 6. A buɗe na gefe ɗaya, ya ture guguwar gefen daga jikin hanci, hanci ya juya inda ake so. Da yake hanci na nesa da tsakiyar nauyin jirgi, ɗan turi a can ya wadatar.

Yadda suka ga iskar ma abin kallo ne: hayaƙi suke saki, da jan ruwa mai fita ta ƙananan ramuka, ya bushe a jikin hancin ya bar sawunta.

Yanzu mu zagaya wajen injinan. Can aka sa faranti masu karkatar da wutar injin, waɗanda suka riƙe jirgin daram yana tafiya da hanci a ɗage har digiri 70.