Wutar da ake tarawa a sake ta lokaci guda

Jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To madalla.

Ku dubi batiran tocilan nan guda biyu da ke hannuna. Kowanne bolt 1.5 ne. In na jera su kai da gindi, sun zama bolt 3. Wannan dabarar ce wani Bajamushe, Erwin Marx, ya ɗauka a 1924, sai dai shi da kafasita ya yi, wato 'yar ma'ajiyar caji. A cika su duka a gefe da gefe da ƙaramar wuta, sannan a haɗa su a jere farat ɗaya, wuta mai ƙarfi ta fita a bugu ɗaya. Wannan na'ura, da ake kira da sunan Marx, ita ce maganarmu yau.

Tarawa ba wuya. Wuyar tana wajen makunni. Shekara da shekaru ana amfani da tayiraton, wata kwalba mai iskar haidurojin a ciki. Yana ɗaukar wuta mai yawa, ban musa ba, amma yana da hali: in ka kunna shi ba ka da ikon kashe shi, sai cajin ya ƙare don kansa. Ga tsufa da wuri. Ranar da ya mutu kuwa, inji gaba ɗaya ya tsaya.

Yanzu sai aka koma taransista, wato makunnin lantarki da za ka iya kunnawa ka kashe lokacin da ka so, irin wadda ake kira IGBT da ta fito a shekarun 1980. Ɗaya ba ta jure fiye da 'yan dubban bolt, saboda haka ake yin akwatuna da yawa iri ɗaya, kowanne da kafasitarsa da makunninsa, a ɗora wani kan wani.

Bari in ba ku lissafi. A cibiyar binciken kimiyya ta SLAC da ke Kalifoniya a Amurka an ƙera irin wannan don ciyar da kilaistiron, bututun da ke samar da igiyar rediyo mai ƙarfi. Ana son bolt 120,000, amfiya 140, sau 5 a daƙiƙa, kowane bugu bai kai kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa ba. Ku ninka: megawat 16.8 ke nan lokacin bugun. Amma in aka raba shi a tsawon lokaci, bai wuce kilowat 135 ba. Ɗalibai, ku rubuta wannan, a nan ake faɗuwa jarrabawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, kafasita tana sakin wuta ƙarfinta na raguwa, kamar famfon da tankinsa ya fara yin ƙasa. To sai a riƙe wasu akwatuna, a riƙa shigo da su ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar bugun, su cike gibin. Tayiraton ba zai taɓa yi maka haka ba. Kuma ana sa akwatuna fiye da buƙata. Ɗaya ya ƙone, wuta ta zagaye shi ta wuce, aiki bai tsaya ba, sai ranar gyara a zare shi a cusa sabo.

Wani zai ce ina ruwanmu. Injin gashin ciwon daji da ke asibiti ma da irin wannan bugun wuta yake aiki, kuma ranar da makunninsa ya mutu, marasa lafiya ne ke zaune a benci suna jira.

Malam, na ga hannunka tun ɗazu. Bismilla.