Katin gidajen tarihi na Faris: yana fitar da kuɗinsa kuwa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar Faris za mu yi, babban birnin Faransa, da wani kati da duk wanda ya fara shirin zuwa yawon buɗe ido can sai ya ci karo da tallarsa a intanet, sunansa Paris Museum Pass. Abin da ake cewa dai shi ne ka biya kuɗi sau ɗaya, ka shiga gidajen tarihi da tsofaffin gine-gine sama da 50 a Faris da kewayenta ba tare da ka sake ciro ko kwabo ba. Daɗin ji kam akwai shi. To amma mu zauna mu yi lissafi tukuna, don yuro ba ganye ba ne, duk wanda ya canza naira ko sefa ya san yadda abin ke ciwo.

Katin iri uku ne, na awa 48, na awa 96, da na awa 144, wato kwana 2, kwana 4 da kwana 6 kenan. A 2025 farashinsu yuro 70, yuro 90 da yuro 110. A 2024 na kwana biyun yuro 62 ne, kun ga kenan farashin ba ya zama wuri ɗaya, don haka kafin ka saya ka leƙa shafinsu ka ga na yanzu, amma yadda ake lissafin bai canza ba.

To ga lissafin da farashin 2025. Shiga Louvre, wanda shi ne uban tafiyar, yuro 22. Orsay yuro 16 idan ta intanet ka saya. Quai Branly yuro 14. Orangerie yuro 12 da rabi. Ka haɗa su duka huɗun, yuro 64 da rabi. Kun lura? Wato mutumin da ya sayi katin kwana biyu, ya shiga manyan gidajen tarihi har huɗu, ƙafarsa ta kumbura, har yanzu bai maida yuro 70 ɗinsa ba, sai ya ƙara na biyar sannan ya fara ganin riba. Kuma wallahi gidajen tarihi biyar a kwana biyu ba kallo ba ne wannan, gudu ne, musamman Louvre da in ka ce za ka tsaya ka kalli abubuwa da natsuwa, sashen Masar ta dā kaɗai da sashen fasahar Musulunci da aka buɗe a 2012 sun isa su cinye maka wuni, ba ka ma kai ga layin masu son ɗaukar hoto da shahararren zanen nan Mona Lisa ba. Mutum kusan miliyan 8.7 ne suka shiga Louvre a 2024, ka ƙiyasta cunkoson.

Shi ya sa ni a ganina na kwana biyun ya fi kowanne tsada duk da shi ne mai ƙaramin kuɗi. Raba ka gani, yuro 35 kowace rana. Na kwana huɗu kuwa yuro 22 da rabi a rana, na kwana shida bai kai yuro 19 ba. Ƙarin yuro 20 kacal ya ninka maka kwanakin, ka shiga wuri ɗaya da safe, ka fito ka ci abinci ka yi sallah ka huta, da yamma ka hau saman babbar ƙofar tarihin nan ta Arc de Triomphe ka kalli gari, ba wanda ke koranka.

Akwai wani sabon abu da ya shafe mu kai tsaye. Daga 14 ga Janairun 2026 Louvre ta ƙara wa baƙin da ba 'yan yankin Turai ba kuɗin shiga, daga yuro 22 zuwa yuro 32. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana, da shi ake. Don haka in za ka yi naka lissafin ka tabbata farashin baƙo kake dubawa, ba na ɗan gida ba.

Yanzu abubuwan da tallar ba ta cika faɗa da ƙarfi ba. Hasumiyar Eiffel ba ta cikin katin, ko kaɗan, nata tikitin daban ne, kuma mu faɗi gaskiya yawancinmu ita ce farkon abin da ke ranmu. Kuɗin jirgin ƙasa da bas ma babu. Fadar Versailles tana ciki, amma a wajen gari take, sai ka hau jirgin RER C da kuɗinka, kuma zuwa da dawowa da zagayen fadar wuni guda ne cur, sannan ranakun da ake kunna ruwan lambun da kiɗa, shiga lambun sai ka biya daban. Gidan zane-zanen zamani na Centre Pompidou kuma da ake yawan gani a tsofaffin bidiyo, an rufe shi tun Satumban 2025 ana gyara, sai wajen 2030.

Sai maganar tsallake layi. E, ba za ka tsaya layin sayen tikiti ba, amma layin binciken jaka kowa sai ya bi, da mai kati da marar kati. Kuma wurare irin su Louvre da Versailles da tsohon cocin Sainte-Chapelle sai ka kama lokacin shiga tun da wuri ta intanet, kyauta ne ga mai kati, amma in ka bari lokutan suka cika, musamman lokacin bazararsu, to katin na hannunka ƙofa na gabanka ba shiga. Kowane wuri kuma sau ɗaya katin ke shigar da kai.

Agogon katin yana fara tafiya ne daga lokacin da ka fara shiga wuri na farko, kuma ba ya tsayawa don ka gaji ko don an yi ruwa. A nan ne ranakun mako suke da muhimmanci sosai, Louvre a rufe take ranar Talata, Orsay da Versailles kuma ranar Litinin, to ka ga wanda ya kunna katin awa 48 da safiyar Litinin ya zaɓi mafi munin ranaku. Amma tunda da awa ake ƙirgawa, akwai dabara, in ka fara ƙarfe 2 na ranar Laraba, sai ƙarfe 2 na ranar Juma'a zai mutu, ka taɓa kwana uku kenan, ga shi Louvre tana kaiwa 9 na dare ranar Laraba, Orsay kuma ranar Alhamis har kusan 10 saura kwata, safiyar Juma'a ka ƙarasa wuri ɗaya ka wuce babban masallacin Faris.

Masu tafiya da iyali, don Allah kada ku saya wa yara. Duk wanda bai kai shekara 18 ba kyauta yake shiga Louvre da Orsay da sauran gidajen tarihi na ƙasa, ko daga ina ya zo, ku dai riƙe fasfonsa. Sannan akwai wuraren da dama can kyauta ne, kamar kayan da kullum ke baje a gidajen tarihi na Petit Palais da Carnavalet, da cikin cocin Notre-Dame da aka sake buɗewa a Disamban 2024.

Wuri ɗaya da nake roƙon kada ku tsallake, da kati ko ba kati, shi ne quai Branly, dab da Eiffel yake. Nan aka tara kayan tarihin Afirka da Asiya da sauran nahiyoyi, kuma daga nan ne aka mayar wa Jamhuriyar Benin kayan fadar Abomey guda 26 a Nuwamban 2021, bayan sun fi shekara ɗari a Faransa. In ka tsaya gaban kayan Afirka ta Yamma a can, abin da za ka ji a ranka daban ne da na kallon zanen Turawa, ni dai awa uku ma ba na ganin ta isa.

Saboda haka kafin ka danna saya, ɗauko biro da takarda, rubuta wuraren da da gaske za ka shiga, ka sa kuɗin kowanne a gefe, ka cire Eiffel, ka cire yara, ka duba wace rana ce a rufe. In jimillar ta haura kuɗin katin, saya. In Louvre da Eiffel da 'yan hotuna a babban titin Champs-Élysées ne kawai shirinka, tikitin Louvre guda ɗaya ya ishe ka.